Matar da Ta Yi wa Kwalekwale Nauyi

Ku matso kusa, ba zan ɗaga murya ba. Kai Sanusi, janye ƙafarka daga jikin mutane, kuma ka rage wannan dariyar, don in an jima kai ne za ka ce a raka ka bayan gida. Wannan ba tatsuniya ba ce, kada wanda ya ce mini ta zo mu ji ta. Abu ne da ya faru a gulbin nan namu, wanda kullum ake hana ku zuwa kuna ganin mugunta ce.

An yi wani masunci a tungar nan, Arzika. Sana'ar su ya gada kaka da kakanni. Mutum ne marar hayaniya, sai ka wuni da shi bai yi maka magana uku ba. Matarsa Tumba tana da tsohon ciki, kuma kafin wannan cikin sun binne biyu. Na fari namiji ne, har ya fara tafiya yana bin kaji, rana ɗaya ya sandare, haƙora suka datse, ido ya juye. Ta biyun ko suna ba a kai ga yi mata ba. Mutane suka ce masu ruwa ne, aljanun gulbi, suka ɗauke su. Arzika bai ce e ba, bai ce a'a ba, amma tsoro ya zauna masa a ciki. In Tumba ta yi tari kawai, sai ka ga ya miƙe tsaye.

To, gidansu suna da al'adu biyu game da Gurbin Kaka, wurin nan mai zurfi da ba ya ƙafewa ko rani ya kai rani. Ta farko, duk wanda ya yi kamu a gurbin, kifin farko ba nasa ba ne. Sai ya mayar da shi ruwa, ya ce ga rabonku. Ta biyu, in macen gidan ta kusa haihuwa, sai a kamo mata babbar tarwaɗa daga gurbin a dafa mata kan ta cinye, a kuma ɗebo mata farar lakar gindin ruwan, a busar, ta riƙa tsotsa in kwaɗayi ya taso. Wai don ruwa ya san ɗan tun yana ciki, kada ya ci shi in ya girma.

Uwar Arzika, Inna Gado, tsohuwa ce mai baki, in ta kafe ko jaki ya san da zamanta. Ita ta ce ai dalilin rasa na baya shi ne an yi wasa da al'ada, an kawo ƙananan kifi. Wannan karon sai uwar gurbi, wadda ta fi kowacce girma da tsufa. Arzika ya ce to.

Akwai abin da ban faɗa muku ba. 'Yan shekaru kafin nan masu wankin zinare sun sauka can sama da gurbin. Suka kafa injinan niƙa dutse, suna wanke garin, suna murza shi da zaiba don ta kama musu zinaren. Ruwan wankin kuwa, da dalmar da ke cikin dutsen da ragowar zaibar, duk ta wata 'yar ƙorama suke gangarowa su faɗa kan gurbin. Kuma da suka zo suna neman inda ruwa ba ya yankewa, Arzika ne ya ɗauke su a kwalekwalensa ya nuna musu. Bai yi da mugun nufi ba. Baƙi sun tambaya, ya nuna. Ruwa bai yi wari ba, bai sake ɗanɗano ba, kifi ma ana ta kamawa, don haka ba wanda ya kawo komai a ransa.

Ranar da abin zai faru, Arzika ya kafa ƙugiyoyinsa tun da safe, bai koma duba su ba sai bayan la'asar. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, wayam. Sai a ta ƙarshe ya ji nauyi. Ya jawo. Tarwaɗa ce, tsawonta ya kai hannunsa har kafaɗa, baƙa ƙirin. Abin da ya ba shi mamaki, ba ta yi kokawa ba. Tarwaɗa kuwa kun santa da rigima. Wannan sai ta biyo igiya salin-alin, ta kwanta a cikin jirgi tana buɗe baki a hankali.

Nan fa ya tsaya. Kifin farko ne, kuma shi ke nan, babu na biyu. In ya mayar, me zai kai wa Tumba? Ya dubi gabas, ya dubi yamma. Ba kowa. Ya ce a ransa masu ruwa sun ci nasa har biyu, yau kam su yi haƙuri. Ya tura kifin ƙarƙashin koma, ragarsa ta kamun kifi, ya rufe. Ya nutsa hannu gefen gurbin ya ƙwaƙulo laka, ya dunƙule, ya ajiye a ƙwarya. Bai ce ga rabonku ba.

Rana ta faɗa bayan itatuwa. Ya juya jirgi zai yi gida.

Sai ya lura da shirun. Magariba a bakin ruwa ai kwaɗi ne ke da gari. Ranar ko ɗaya. Ba kukan tsuntsu, ba sauro. Ko injinan can sama sun yi tsit. Filafilinsa kaɗai yake ji, yana shiga ruwa yana fita.

A gindin giyayyar da ke bakin gurbin, ya hangi mace a tsaye da goyo. 'Yar ƙarama, siririya, ta lulluɓe kai da wani tsohon zane. Ta ɗaga masa hannu.

Gabansa ya faɗi. Amma masunci ba ya wuce mace mai goyo a bakin ruwa, haka ubansa ya koya masa. Ya matso. Ya yi mata sallama, ta amsa. Bakinta ya motsa a gabansa, amma muryar daga ƙarƙashin jirgin ya ji ta, kamar mai magana da kai a cikin randa. Ta ce ya taimaka ya kai ta sama, ya wuce da ita sansanin masu zinare, can inda ruwa ke fitowa daga duwatsu.

Ya so ya ce dare ya yi. Ya fasa. Ya riƙe jirgi, ta sa ƙafa.

Jirgin ya nutse.

Ba wai ya kife ba. Ƙasa ya yi, a hankali, har ruwa ya zo dab da baki, saura ɗan yatsa. Jirgin da ke ɗaukar maza shida da buhunan gero. Ita kuwa macen, in a ido ne, ko tunkiya ta fi ta. Katako ya yi ƙara. Ta zauna a can goshin jirgin tana fuskantarsa, ta miƙe ƙafafu.

Ya dubi ƙafafun, da ma bai duba ba. Dunduniya ce a gaba. Yatsun suna baya, suna kallon inda ta fito.

Ke Balki, in za ki toshe kunne ki toshe, amma ki daina matse mini hannu.

Arzika ya fara karanto duk addu'ar da ya sani a zuci, tana kakkarye masa. Gumi ya jiƙa masa riga. Ya yi tunanin ya faɗa ruwa ya yi iyo, sai ya tuna ruwan na su waye. Ya ci gaba da tuƙi. Jirgi yana jan ciki da ƙyar, kafaɗunsa kamar za su cire. Bai yarda ya sake ɗaga ido ba, sai dai yana jin ta tana numfashi, wani numfashi mai ƙugi, irin na marar lafiya.

Can ta ce, "Na yi maka nauyi, ɗan Mamman?"

Sunan ubansa ke nan, wanda ya rasu tun Arzika yana saurayi. Ya ce a'a, ba komai. Ƙarya yake, ita ma ta sani.

Ta ce su masu ruwa da can ba su da nauyi. A kan ganyen bado suke zama, ganyen ba ya lanƙwasawa. Ubansa ya sha ɗaukar ta a jirgin nan bai ma san ya ɗauki kowa ba. Ta ce a gindin gurbin suke kwana, lakar nan ita ce shimfiɗarsu, ita ce tuwonsu. Tun da aka fara zubo musu abin nan daga sama yake kwanciya cikin lakar. Ba ya ruɓewa, ba ya wucewa da ambaliya. Sun ci, sun ci, ya zauna musu a ƙashi. Yanzu in ta shiga ruwa ƙasa take yi kamar dutse, shi ya sa take roƙon jirgi a gulbin da aka haife ta.

Ta ɗaga hannu za ta gyara lulluɓi, sai ya ga hannun yana rawa, karkar, ba ya tsayawa. Zanen ya zame. Fuskar tsohuwa ce ba tsohuwa ba. Da ta buɗe baki ya ga wani baƙin layi ya bi dasashinta, a gindin haƙora.

Suka zo daidai bakin ƙoramar masu zinare. Ta kau da kai, ta ja zane ta rufe hancin goyonta. A nan ne goyon ya motsa. Bai yi kuka ba. Sandarewa ya yi, ƙafafu suka miƙe, kai ya wuntsila baya. Arzika ya ji ƙarar haƙora suna datsewa. Ya san wannan ƙarar. A kan cinyarsa ɗansa ya yi ta.

Filafili ya kusa suɓuce masa. Tsoron da yake ji ya sake kama, ya zama wani iri. Ita kuwa ta sa hannu baya tana jijjiga goyon, tana ɗan yi masa waƙa ƙasa-ƙasa, yadda kowace uwa ke yi, har ya saki.

Ta ce, "Kun ce mu muka ɗauki naku. Wannan shi ne na ƙarshe a nawa. Wa ya ɗauki sauran?"

Ya tuna ranar da ya tsaya a jirgin nan yana nuna wa baƙi bakin ƙorama da yatsa. Ya jira ta ambata. Ba ta ambata ba, kallonsa kawai ta yi, kuma wannan ya fi masa ciwo.

Suka wuce sansanin. Ya hangi wutar masu aiki can nesa, ya ci gaba da tuƙi. Suka shiga inda duwatsu suke, ruwa ya fara sanyi. Ta ce ya tsaya nan. Ya kafe jirgi. Ba ta tashi ba.

Ta ce a ba ta rabonta.

Ya ce yau bai yi kamu ba. Wallahi haka ya ce, don mutum in tsoro ya kama shi wauta ce ke fara zuwa. Sai tarwaɗar ta motsa a ƙarƙashin koma, ta buga wutsiya sau ɗaya.

Ya durƙusa a cikin jirgin. Ya ce ta yi masa rai. Ya ce matarsa ce ke da ciki, ya binne biyu, wannan kifin shi ne kariyar na ukun. In ta karɓe, da me ruwa zai san ɗansa? Ya ce gobe zai kawo mata goma, zai kawo mata akuya. Yana magana yana kuka, babban mutum.

Ta miƙo hannun nan mai rawa. Hannun ya yi ta tsawo, daga goshin jirgi har inda yake, bai ga ta matso ba. Ta ɗage koma ta ɗauki kifin. Ta sa farce ta tsaga cikinsa, ta juyo masa da shi. A hasken da ya rage ya ga hantar ta kumbura, ta yi fari-fari, ta ruɓe tun kifin yana da rai. Ta ce ƙaramin kifi laka yake ci, babba ya ci ƙarami, uwar gurbi kuwa ta cinye su duka, shekara da shekaru. Duk abin da aka zubo, a jikinta ya taru. Wadda su Arzika suke zaɓa don ta fi girma, ita ta fi ɗauka.

Sannan ta ɗauki curin lakar daga ƙwarya, ta sa masa a tafin hannu, ta naɗe yatsunsa a kai, ta matse. Hannunta sanyi ƙalau. Da ta saki, ya buɗe. Wasu 'yan ƙwayoyi masu ƙyalli sun tsattsafo daga lakar, suna gangarawa cikin layin tafinsa, suna haɗewa. Ya san su. Ya sha ganinsu a kwanon masu zinare.

"Ba don in ci na karɓa ba," in ji ta. "Don kada ta ci ne. Ubanka bai taɓa hana mu rabo ba, kai kuma ka ɗauke ni. Abin da na ci, shi matarka ke ci. Tun yaushe take tsotsar lakar nan?"

Tun cikin yana wata uku. Shi da kansa yake ɗebo mata. Kuma a cikin na baya ma haka aka yi.

Ta saki kifin a ruwa, ya yi ƙasa ko kumfa babu. Ta tashi ta taka dutse. Jirgin ya yi sama da ƙarfi har Arzika ya faɗi da baya. Da ya ɗago, ba kowa. Sai wata tafiya mai nauyi da yake ji tana hawa duwatsu, tana nisa.

Bai san yadda ya iso gida ba. A mashaya ya yar da jirgi ko ɗaurewa bai yi ba, ya sheƙa da gudu. Ya faɗa gida ba sallama. Tumba tana zaune a ƙofar ɗaki, ta jingina da bango, da guntun farar laka a hannu tana tsotsa. Inna Gado kuma tana gaban murhu, ta gaji da jira ta ɗora miya da bandar kifin gurbin da ke rataye.

Ya fizge lakar daga hannun Tumba ya jefa bayan danga. Ya sa yatsa ya ƙwaƙule wadda ke bakinta, tana ture shi tana tambayar lafiya. Ya juya ya sa ƙafa ya kifar da tukunyar. Ya shiga ɗaki ya kwaso sauran lakar da bandar duka, ya haƙa rami ya binne. Inna Gado ta ɗora hannu a ka tana salati, ta ce shi ke nan, masu ruwa sun shafe shi, ai ta faɗa kada ya kai magariba a gurbi. Maƙwabta suka taru. Wasu suka ce a kira malam, wasu suka ce a ɗaure shi.

Shi kuwa fitila ya ɗauko. Ya durƙusa gaban matarsa, ya ce ta buɗe baki. Ta buɗe. Ya ɗaga leɓenta. Layin yana nan, siriri, a gindin haƙora.

Da gari ya waye ya ɗora ta a amalanke ya kai ta garin iyayenta, can tudu inda ruwan rijiya suke sha. Uwarsa ta ce in ya fita da ita ba a yi al'ada ba, duk abin da ya samu ɗan, shi ya ja. Mutumin da bai taɓa musa mata ba, ranar ya ce ya ji, ya ɗauka. Ya bi gida-gida yana cewa a bar kifin gurbi, a bar lakar, a bar shan ruwan. Aka yi masa dariya, har waƙa yara suka yi masa. Sai da aka ƙara binne yara a tungar nan, sannan ma'aikatan lafiya suka zo suka ɗebi ruwa da laka da kifi da jinin mutane. Suka dawo suka ce gubar dalma ce da zaiba. Ranar ba wanda ya iya haɗa ido da Arzika, Inna Gado kuwa ɗaki ta shiga ta rufe.

Tumba ta haihu. Mace. Arzika ya yi ta zaman dar-dar, ko barci ba ya yi sosai, yana jiran ƙarar haƙoran nan. Ba ta zo ba. Yarinya ta rayu. Sai dai abin da ya riga ya shiga ya shiga. Ba ta yi tafiya da wuri ba, magana ma sai da ta daɗe, kuma hannunta na dama har yau rawa yake.

E, Sanusi. Na ga ka daina dariya. Yarinyar nan ita ce Shekara, mai kawo mana ƙuli-ƙuli. Wadda kuke bi a baya kuna kwaikwayon hannunta, kuna cewa ta zubar da miya. Ita ce aka tsamo da ƙyar. Ubanta har ya mutu bai sake cin kifi ba, kuma kullum shi yake riƙe mata kofi in za ta sha ruwa.

Kwalekwalen yana nan a mashaya, ya ruɓe rabi. In kun leƙa goshinsa da rana za ku ga sawu biyu sun lotsa cikin katako, dunduniya a gaba. Kifi kuwa yanzu ya cika Gurbin Kaka, manya-manya, don ba mai kama su. Kada ƙibarsu ta ruɗe ku. Kada wanda ya bi hanyar giyayyar nan shi kaɗai, balle da magariba. Ba duka masu ruwan suka samu jirgi ba, akwai waɗanda har yanzu suke tsaye suna jira.

Ku tashi ku kwanta. Gobe in Shekara ta shigo da tirenta, ina so in ga wanda zai fara tashi ya karɓe mata.